Na gama wa'adina a kaso kafin a saurari apel ɗina a Damagaram

Wata 3 aka yanke mini, da diyyar jikka 50 ga ɗan sandan da aka ce na kayar. Laifin da aka rubuta a takarda shi ne wanda kotu ke kira rébellion, wato yi wa jami'in hukuma turjiya da ƙarfi yana bakin aikinsa. Ina cikin gidan kaso na yi apel, wato na ɗaukaka ƙara, na gama wa'adina, na fito na koma kan babur, duk ba a kira shari'ar ba. Masu tsaida ni da tambaya yanzu yawanci ƴan kabu-kabu ne ƴan uwana, ko iyayen wani yaro da aka rufe, kuma tambayar ba ta wuce biyu: me ake yi a can, kuma ta yaya aka wanke ka alhali mai kaki ya ce ka yi? Amsar ba ta ƙarewa tsakanin sauke fasinja da ɗaukar wani, shi ya sa na rubuta.

Abin da ya jawo maganar ba shi da tsawo. Lokacin ana yawan satar babura a Maraɗi, ana tare mu ana duba takardu. Da la'asar aka tsaida ni gaban rumfar wani mai shayi a Sabon Gari. Katin babur ɗin da sunan wanda ya sayar mini yake, takardar cinikin kuma tana gida cikin akwatin Inna. Aka ce in hau mota. Na ce a bar ni in kira Yaya ya kawo takardar, aka ce na yi bayani idan an je. Ni kuwa idon jama'a nake ji: a jefa ni bayan mota a unguwar da kowa ya san Baba, kafin magariba an ce ɗan wane ɓarawon babur ne. Sai na kama ƙarfen rumfar da hannu biyu, na ce ba inda za ni. Ɗaya daga cikinsu ya riƙe ni ta ƙugu yana ja, ƙafarsa na bakin kwata, sai ga shi a ƙasa, gwiwar hannunsa ta goge. A daren Yaya ya kai takardar cinikin, ba wanda ya sake ta da zancen sata, amma an riga an buɗe wani dosiye daban.

Doka ta ba su awa 48 su riƙe mutum, ana iya ƙarawa da izinin mai shigar da ƙara na gwamnati. Shi aka kai ni wurinsa, ya karanta pe-ve, wato rahoton da ƴan sanda suka rubuta, ya yi mini ƴan tambayoyi, ya sa hannu a manda depo, takardar da ke ba da umarnin a kai mutum kaso. Hanyar gaggawa aka bi da ni, wadda ake bi da wanda aka kama yana cikin aikata laifi. Da aka fito da ni gaban alƙali ya tambaye ni ko a yi shari'ar nan take, ko ina son lokacin shiri, domin doka ta ba da aƙalla kwana 3 ga wanda ya nema. Na ce ina so. A cikin kwanakin nan ne Yaya ya yi ta zarya wurin mai shayin har ya yarda ya zo ya ba da shaida. Ba ƙaramin abu ya yi mini ba. Mutumin da rumfarsa ke bakin titi ba ya son ya ɓata da masu kaki, kuma ba ɗan uwana ba ne, shayi kawai nake sha a wurinsa.

Ranar shari'ar dosiye sun yi tsibi a kan tebur. Da Faransanci ake yi, tafinta na juyawa. Ɗan sandan da ya faɗi ya yi magana, abokin aikinsa ya yi, aka rantsar da mai shayi ya faɗi abin da ya gani, ni ma na faɗi nawa. A gefe magatakarda na ta rubutu, ban ko kula da shi ba. Ba ni da lauya. Aka ce an same ni da laifi, aka mayar da ni.

Maganar kwana 10 Yaya ne ya jiyo ta. Ya je ofishin ANAJJ da ke harabar kotu, hukumar da dokar 2011 ta kafa don taimaka wa talaka a harkar shari'a, inda ake yi wa kowa bayani kyauta. Aka ce masa idan an yanke wa mutum hukunci yana tsaye a wurin, kwana 10 yake da su ya ɗaukaka ƙara, daga ranar da aka faɗi hukuncin ake ƙirgawa, ba daga ranar da aka buga shi a takarda ba. Wannan shi ke cin mutane da yawa, suna jiran takarda lokaci na wucewa. Wanda ke waje yana zuwa wurin magatakardan kotun da ta yi hukuncin ya sa hannu a rajista. Wanda ke tsare kuwa ta hannun shugaban gidan kaso yake bi. Na rubuta layi uku na miƙa, aka ba ni rasit, na ninke shi na ba Inna ranar ziyara ta haɗa da sauran takardu. Ba a neman ka kawo hujjojinka a ranar, kawai ka ce ba ka yarda da hukuncin ba.

Apel bai buɗe mini ƙofa ba, tunda manda depo na kaina. Amma ya tsaida abu biyu: ba a tilasta mu biyan diyyar ba, kuma hukuncin bai hau kaziye ba, wato takardar da ke nuna laifukan da aka taɓa hukunta mutum a kansu, don bai zama na ƙarshe ba tukuna. Da kwanakina suka cika adadin da aka yanke, aka sake ni.

Kaziye ɗin nan shi ne dalilina. Ina da niyyar yin konkur, wato jarrabawar shiga makarantar horar da malamai, kuma ba a karɓar dosiye sai da shi. Baba bai ga haka ba. Da na dawo gida ya kira ni zaure bayan isha'i ya ce: “Kai yaro, mi kake nema kuma? Ka shiga, Allah ya fiddo ka. Shari'a mace ce da ciki, ba a san abin da za ta haifa ba. Ka bar ma Allah.” Ba tsoron banza yake ji ba. Idan wanda aka hukunta shi kaɗai ya ɗaukaka ƙara, kotun sama ba ta da ikon ƙara masa hukunci. Ko ta bar shi yadda yake, ko ta rage, ko ta soke. Amma da mai shigar da ƙara ya ga na yi, shi ma sai ya yi nasa a kan nawa, abin da sukan yi ke nan, kuma wannan ya buɗe wa kotun hannu. Ke nan ina iya tafiya Damagaram da ƙafata, a ce wata 3 ya yi kaɗan.

Akwai kuma abin da Baba ya kasa ganewa, kuma na fahimce shi. Shi a saninsa, hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musanta. Ya ce me ya hana a ba ni Alƙur'ani in rantse a wuce wurin? A kotun laifi ba a rantsar da wanda ake tuhuma. Shaidu ake rantsarwa. Shi ma ɗan sandan da ya faɗi, tunda ya shigo a matsayin mai neman diyya, ba a rantsar da shi ba, don doka na kallonsa a matsayin mai rabo a cikin shari'ar. Rabin farko na maganar Baba dai yana nan daram: gwamnati ce za ta tabbatar na yi, ba ni zan tabbatar ban yi ba. Inna ce ta raba gardamar ba tare da ta ce komai ba, ta aika aka kai tumakinta kasuwa.

Sai jira. Sai an buga hukuncin da dalilansa, an haɗa dosiye, an aika da shi. A shekarun nan kotunan ɗaukaka ƙara biyu ne kacal a ƙasar, ta Yamai da ta Damagaram, mu kuma ƴan Maraɗi Damagaram muke zuwa. Ta Tawa daga baya aka buɗe ta. Damina ta shigo ta wuce. Lauyoyi kuma kusan duka a Yamai suke zaune. Ta hannun wani abokin cinikin Kawu muka samu ɗaya mai zuwa Damagaram da dosiyen mutane da yawa a tafiya guda, abin da ya rage mana kuɗin hanya.

Ya yada zango a Maraɗi kan hanyarsa, muka same shi a gidan da ya sauka, ni da Yaya. Ya shimfiɗa kwafin takardun a kan tabarma, ya ɗora wayarsa da makullan mota a kansu don kada iska ta kwashe. Na soma da wallahi tallahi, ya ɗaga hannu.

“Ƙanena, ajiye rantsuwa. Alƙalan can uku ba su san ka ba, ba su san babanka ba, kuma da wuya su ga mai shayinka. Wannan suka sani.” Ya buga yatsa a kan takardun. “Mu duba abin da ya tabbata a ciki.”

Ya ce kundin hukunta laifuka da ƙasarmu ke aiki da shi a lokacin na 1961 ne, na tsarin shari'ar laifi ma haka, an yi musu babban gyara a 2003, amma tushensu na Faransa ne. A wannan laifin ana neman a nuna cewa jami'i na aikin da doka ta ɗora masa, kuma an auka masa ko an yi masa turjiya da ƙarfi, da gangan. Na ce to ai kamun ma bai dace ba, tunda babur nawa ne. Ya ce in rufe wannan bakin tun daga nan. Kati ba da sunana ba, ana cikin satar babura, sun ce a je a bincika: wace kotu ce za ta ce ba su da hurumi? Ko da kamun na da aibu, alƙalai ba su yarda mutum ya rama da hannunsa a titi; hanyar ita ce ka bi, ka yi ƙorafi daga baya. Wanda ya tsaya gaban kotun sama yana kukan an zalunce shi wajen kamu, ya ƙarar da lokacinsa a kan abin da ba zai fisshe shi ba. Abu ɗaya ya rage mana: ƙarfi. Ƙin tafiya, zama a ƙasa, riƙe wani abu, duk ƙin bin umarni ne, ba su kai laifin nan ba. Turewa, naushi, shuri, kokawa, fizgewa har jami'i ya faɗi, waɗannan sun kai.

Ya ɗauko pe-ve. Wanda ya sa hannu a ƙasa babban jami'i ne da ba ya wurin. Abin da aka faɗa masa ya rubuta. Metir, wato lauyan nawa, ya ce a laifi irin nawa doka na ɗaukar pe-ve a matsayin bayani kawai, bai ɗaure alƙali ba, kuma nauyinsa na kan abin da mai rubutun ya gani ko ya ji da kansa. Sannan ya jera bayanan jami'an biyu kusa da juna. Jimla ɗaya ce a duka biyun, ko waƙafi bai bambanta ba: wai na yi turjiya mai tsanani har na kayar da jami'i.

“Da wane hannu?” in ji shi. “Ka ture shi? Ka shure shi? A ƙirji ko a kafaɗa? Babu. Sun rubuta sakamako, ba su rubuta aikin ba. Cewa an yi turjiya aikin alƙali ne bayan an gaya masa abin da hannu da ƙafa suka yi.”

Takardar likita ta biyo baya. Ta ce akwai gogewa a gwiwar hannun dama, hutun kwana 2. Ya ce wannan ta tabbatar mutum ya faɗi, kuma ba mu musa ba. Ba ta faɗi abin da ya kayar da shi ba, kuma likita ba zai iya faɗa ba.

Inda ya daɗe shi ne wasu shafuka na rubutun hannu, masu wuyar karantawa, da ban san ma suna cikin dosiye ba. Rubutun magatakardan nan ne da ban kula da shi ba ranar shari'a. Kotun sama ba ta kiran shaidu sai ta ga dama, don haka abin da aka faɗa a kotun farko ta wannan rubutun yake isa gare ta. Ya bi da jan biro a hankali. Wanda ya faɗi ya ce: na ja shi, ya fizge, na faɗi. Abokin aikinsa, da alƙali ya tambaye shi, ya ce: ya ƙi sakin ƙarfen, abokina ya ja, hannunsa ya suɓuce. Mai shayi, da rantsuwa a kansa, ya ce hannuwana biyu ba su bar ƙarfen ba har aka ɓamɓare su. Metir ya zagaye “ya fizge”, ya zagaye “ya suɓuce”, ya ja layi tsakaninsu. A pe-ve bakinsu ɗaya, a gaban alƙali kowa ya faɗi abin da idonsa ya gani.

Hukuncin farko ya ce na amsa laifina. Ya nemo inda na yi magana a rubutun: abin da na amsa shi ne na ƙi hawa mota kuma na riƙe ƙarfe. Hukuncin bai ambaci mai shayi ba ko sau ɗaya, bai ce ya yarda da shi ba, bai ce ya ƙaryata shi ba.

Na fara murmushi, sai ya tsaida ni. Ya ce kada in ɗauka an gama. A irin wannan shari'a ba a ƙirga shaidu, ba a ce sai biyu ko sai huɗu. Kowace irin hujja na shiga, alƙali kuma na yanke hukunci da abin da zuciyarsa ta natsu a kai. Maganar ɗan sanda ɗaya tak na iya isa a ɗaure mutum, idan ta fito dalla-dalla, ba ta canza ba, kuma ba abin da ya karya ta. Abin da doka ta ɗora wa alƙali shi ne ya dogara da abin da aka baje a gabansa aka yi muhawara a kai, kuma ya rubuta dalilinsa. Inda muka yi sa'a shi ne kotun ɗaukaka ƙara a tsarinmu tana sake duba shari'ar ne gaba ɗaya, abin da ya faru da abin da doka ta ce, ba wai tana neman kuskuren alƙalin farko kawai ba. Tana iya karanta takardun nan ta natsu da wani abu daban. Wannan kuma shi ne zagaye na ƙarshe da za a auna hujja, don kotun da ke sama da ita a Yamai doka kawai take dubawa, ba ta sake tambayar wa ya ja wa.

A raina har yau ban ɗauki ɗan sandan nan maƙaryaci ba. Mutumin da ya faɗi a bainar jama'a da kaki a jikinsa, yara na dariya, zai ji a jikinsa cewa kayar da shi aka yi. Abin da ya ji ya faɗa. Abokinsa da ke tsaye gefe shi ya fi shi ganin yadda abin ya kasance.

Da sammaci ya zo muka kama hanya tun jajibiri, ni da Yaya: Gazawa, Tasawa, Takieta, wajen kilomita 240. Muka kwana gidan wani ɗan uwan Kawu a Zango. Da safe na sa farar riga, Yaya ya ce in cire gilashin da na saba sawa a kan babur.

Alƙalai uku ne a sama, shugaba a tsakiya da mataimaka biyu, lauyan gwamnati a gefe guda, magatakarda a ɗaya gefen. Zauren ya fi na kotun farko shiru. Yawancin dosiyen da aka kira kafin nawa ɗagawa aka yi, wani sammaci bai isa ba, wani lauyansa bai zo ba. Ɗan sandan bai zo ba, mai shayi ma ba a kira shi ba. Da aka kira ni, ɗaya daga cikin mataimakan ya karanta taƙaitaccen dosiyen tun daga rumfa har zuwa apel, da murya ɗaya, ba ya nuna inda ya karkata. A nan na ji ya ambaci mai shayi, na san an karanta shafukan nan.

Shugaban ya ce in nuna yadda na riƙe ƙarfen. Na kama katakon da ke gabana da hannu biyu. Ya ce ta ina jami'in yake? Na ce ta bayana, ranka ya daɗe, ya riƙe ni ta ƙugu. Ya ce da ya ja, me jikinka ya yi? Na ce na ƙanƙame ƙarfen. Ya ce ba ka girgiza ba, ba ka juya ba? Na ce ban juya ba, ban ma san ya faɗi ba sai da na ji nauyinsa ya bar ni. Ya sake tambayar ta wata fuska, sannan mataimaki na biyu ya sake ta ta wata. Metir ya riga ya gaya mini in amsa abin da aka tambaya, in yi shiru. Sai shugaban ya cire tabarau ya ce, idan jami'i ya ce ka hau mota, ka san ba shawara yake ba ka ba? Na ce na sani, ranka ya daɗe. Ya rubuta wani abu.

Lauyan gwamnati ba wasa ya zo yi ba, kuma maganarsa ta sa gumi ya keto mini. Ya ce mutum na iya fizgewa da kafaɗa da ƙugu hannuwansa na riƙe da ƙarfe. Ya ce jami'in ba shi da wata gaba da ni, bai san ni ba kafin ranar, me zai sa ya ƙirƙiri magana? Ya ce mai shayi abokin cinikina ne, kuma yana can bayan tukunyarsa. Ya ce idan kowane mai babur zai kama ƙarfe a ce ba laifi, to ba wanda za a iya kamawa a ƙasar nan. Ya nemi a tabbatar da hukuncin yadda yake, bai nemi ƙari ba. Na ji Yaya ya sauke numfashi daga baya.

Mai kare wanda ake tuhuma shi ke da magana ta ƙarshe. Metir bai yi doguwar huɗuba ba, bai taɓa zancen talauci ko tarbiyyar gidanmu ba. Ya ce ya yarda kafaɗa na iya fizgewa, amma ba wanda ya ce ya ga kafaɗa ta fizge; abin da zai iya faruwa daban, abin da aka tabbatar ya faru daban. Ya ce a ajiye mai shayi gefe idan ana so, a bar jami'an biyu kawai: wanda ke neman diyya, ba a rantsar da shi ba, kuma fuskarsa na manne da bayan wanda yake ja, ya ce an fizge, wanda ke tsaye yana kallo, ba ya neman ko dala, ya ce hannu ne ya suɓuce. Ya karanto layukan biyu da lambar shafinsu. Ya ce ba yana neman a ce jami'i ya yi ƙarya ba, yana neman a ce ba a sani ba, kuma idan ba a sani ba doka ta riga ta faɗi wanda ke cin moriyar shakka. Aka tambaye ni ko ina da abin ƙarawa, na ce babu. Aka sa ranar yanke hukunci, muka fito muka nemi motar Maraɗi.

Ban koma ranar ba, wani abokin aikin Metir ya tsaya mana. Ina bakin babbar kasuwa da fasinja da buhun barkono a baya waya ta yi ƙara. An soke hukuncin farko, an sallame ni bisa shakka, an kori buƙatar diyya.

Sai da na biya tambur na karɓo kwafin hukuncin na ga yadda suka tsara shi. Bai kai shafi huɗu ba. Sun ce kamun na bisa doka, sun ce ya tabbata na ƙi bin umarni, ba su wanke ni daga wannan ba ko kaɗan. Sannan suka ce laifin da ake tuhumata da shi na buƙatar ƙarfi, kuma a kan wannan bayanan jami'an biyu sun saɓa, takardar likita ba ta raba gardama ba, amsawar da aka jingina mini ba ta shafi ƙarfi ba. Mai shayi layi ɗaya ya samu, cewa shaidarsa ta dace da ta jami'i na biyu. Da na je na karanta masa layin da Hausa ya ce to shi ke nan, ya zuba mini shayi, ya karɓi kuɗinsa.

Lauyan gwamnati na da ƴan kwanaki da zai iya kai maganar Yamai, bai kai ba, hukuncin ya zauna. Wata ukun da na yi ba wanda ya biya ni su, kuma kuɗin tumakin Inna da kabu-kabu na biya su kaɗan-kaɗan. Konkur na shekarar ya riga ya wuce ni. Kaziye a kotun garin da aka haifi mutum ake ciro shi, kuma ba a karɓar wanda ya wuce wata 3, don haka sai da aka buɗe rajista ta gaba na je na ciro nawa. Ya fito ba komai a kansa, na haɗa da takardar haihuwa da ta ɗan ƙasa na kai dosiye.